Yadda Aka Ta Da Garuruwan Bakin Kwara A Ƙasar Yauri

Ƙasar Yauri tana can kudancin Jihar Kebbi, kogin Kwara ya bi ta gefenta ya nufi kudu. A yau an raba ta ƙananan hukumomi uku, watau Yauri da Ngaski da Shanga, amma duk suna ƙarƙashin Sarkin Yauri wanda ke zaune a Yelwa. Mutanenta iri iri ne. Akwai Yaurawa masu sarauta, da Kambari manoman tudu, da Shangawa da Lopawa da Dukawa, da Sarkawa masunta waɗanda asalinsu daga Kabi suka gangaro. Sa'an nan ga Gungawa, waɗanda su ke kiran kansu Reshe. Hausawa ne suka sa musu wannan suna don a bisa gungu su ke zaune, watau tsibirin da ke tsakiyar kogi.

Ƙaura ba baƙon abu ba ne ga mutanen wannan ƙasa. Birnin Yauri shi ne babban birni na dā, har Baturen nan Lander da ƙanensa suka sauka cikinsa a 1830, suna neman takardun Mungo Park wanda ya halaka a duwatsun Bussa a 1806. Sun yi mamakin faɗin ganuwarsa. Bayan haka yaƙin basasa ya ci ƙasar, sarauta ta gudu ta fake a gungun Ikum, sai a 1888, zamanin Sarki Abdullahi Abarshi, aka dawo tudu aka zauna Yelwa. Amma duk waɗannan ƙaurace-ƙaurace masu ƙaurar ne da kansu su kan duba wuri, su ɗanɗana ruwansa, su tona ƙasarsa su gani ko ta yi da gero, kana su kafa bukka. Wadda za mu ba da labarinta a nan dabam ta ke, gama a bisa takarda aka shata ta tun ba a aza tubali ko ɗaya ba.

Kafin mu kai can, ya kamata mai karatu ya san halin kogin, don in bai san shi ba, ba zai gane abin da aka rasa ba. Kwara a wannan yanki sau biyu ta ke cika a shekara. Cikar fari tana zuwa da damina, daga ruwan da ke sauka a ƙasashenmu, ya biyo gulbin Sakkwato da sauran rafuka. Ruwan ya kan zo fari fat da laka, shi ya sa a ke ce da shi farin ruwa. Cika ta biyu kuwa daga duwatsun ƙasar Gini ta ke tasowa, ta yi watanni tana yawo cikin fadamun ƙasar Mali, ta zub da lakarta a can, ba ta iso Yauri sai cikin hunturu, garau da ita. Wannan shi ne baƙin ruwa. To, ka ga lokacin da rafukan ƙasar Hausa ke ƙafewa, a lokacin ne kogi ke cike a ƙofar gidan Bagunge. Sai ya yi fangali a gaɓa inda laka ta kwanta, ya dasa albasa, ya riƙa ɗibo ruwa da hannu yana ba ta. Da damina ya shuka gero da dawa, tsakanin haka ya yi su. Albasar Yauri ta yi suna har kasuwannin kudu, kuma da kuɗinta talaka ke biyan haraji, ya yi aure, ya sayi kwalekwale.

Da Nijeriya ta sami mulkin kai, sai gwamnati ta ga ba yadda za a kafa masana'antu ba tare da wutar lantarki mai yawa ba. Aka kafa hukumar madatsun ruwan Kwara a 1962, aka zaɓi gungun Kainji da ke ƙasar Borgu, kudu da Bussa. A 1964 aka fara aiki, zamanin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wani kamfanin Italiya mai suna Impregilo ya yi ginin, Bankin Duniya ya ba da rancen wani kashi na kuɗin. Ko yaƙin basasa bai tsai da aikin ba. A 1968 aka toshe kogi, ruwa ya fara taruwa, a 1969 Janar Yakubu Gowon ya buɗe madatsar. Tafkin da ya samu tsawonsa ya kai wajen mil 85, faɗinsa a inda ya fi buɗewa wajen mil 15. Ya haɗiye tsohuwar Bussa, da babban gungun Foge, da wani sashe na tsohon garin Yelwa, da ƙauyuka da tungaye fiye da 200. Mutum wajen 44,000 ya zama tilas su tashi, a ƙasashen Yauri da Borgu da Kontagora.

A wancan zamani En'e ita ce hukumar da talaka ya sani. Sarkin Yauri Muhammadu Tukur ke bisa gado, hakimai na ƙarƙashinsa, dagatai da masu unguwa na ƙarƙashin hakimai. Injiniya ya san iyakar da ruwa zai kai, amma bai san gidan wane ne wannan ba, bai kuwa san kukar nan ta wace zuriya ce ba. Sabo da haka ta hannun hakimai da dagatai aka bi wajen ƙidaya da wajen shawo kan jama'a. Aka bi gida gida ana rubuta ɗakuna da rumbuna da itatuwa masu amfani. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin haraji ya san wuyar wannan aiki, don talaka in ya ga malami da alƙalami a ƙofar gidansa, abin da ya fara zato shi ne za a ƙara masa kuɗi. Ga kuma tsofaffi waɗanda ba su yarda ba sam cewa ɗan Adam zai iya tare Kwara.

Da farko shawarar da aka yanke ita ce a biya kowa diyya da tsabar kuɗi, ya je ya gina wa kansa gida a sabon wuri. A takarda wannan ya yi kyau, ga arha, ga shi kowa zai yi gini yadda ya saba. Amma da aka gwada a ƙauyukan farko, sai aiki ya ƙi ci gaba. Mutum yana da gona a gabansa, ga ruwan da a ke faɗa bai zo ba tukuna, ga kuɗi a hannu da bukatu dubu. Lokaci na ƙurewa, injiniyoyi kuwa ba za su jira ba. Sai hukuma ta sake shawara, ta ce ita za ta gina gidajen da kanta, ɗaki a madadin ɗaki. Aka ɗauko wani Baturen Ingila mai zanen gini, Robin Atkinson, ya shata fasalinsu. Aka haɗa ƙananan tungaye wuri ɗaya, har ƙauyukan nan fiye da 200 suka koma sababbin matsugunai ɗari da 'yan kai, da niyyar a sami sauƙin kai musu rijiya da makaranta da ɗakin shan magani. Mafi girma cikinsu ita ce Sabuwar Bussa.

Gaskiya ita ce an yi ƙoƙari. Kafin wannan, a ƙasar Gana, sa'ad da aka tare kogin Bolta a Akosombo, mutum wajen 80,000 aka tasa aka zuba su a garuruwa 52, aka ba kowane magidanci ɗaki ɗaya tak aka ce ya ƙarasa sauran da kansa, ko da a dā gidansa mai ɗaki goma ne. A Kainji ba a yi haka ba. An dubi yadda kowace kabila ke shirya gidanta, aka gwada kwaikwayonsa, da tsakar gida da wurin shiga. Aka yi bango da yashi da siminti, aka rufa da wani irin kwanon siminti mai lanƙwasa wanda a ke kira asbesto. Gobara ba ta cinsa, gara ba ta taɓa shi, ba kuwa sai an sake jinka kowace shekara ba.

Amma fa ɗakin da ba ka iya gyara shi da hannunka ba, rabinsa ba naka ba ne. Ɗakin ƙasa in ya tsage, mai gida ya kwaɓa ƙasa ya liƙe, in jinka ta ruɓe ya yanko ciyawa ya gayyato maƙwabta. Rufin asbesto kuwa in ya fashe, babu mai sayar da irinsa a kasuwar ƙauye, babu maginin da ya san kansa. Mutane suka yi ta kukan zafinsa da bazara da sanyinsa da hunturu. Ba a daɗe ba sai ga ɗakunan ƙasa da na ciyawa suna tsirowa a jikin na siminti, don iyali ƙaruwa su ke yi, ɗa ya yi aure yana son nasa ɗaki, ƙidayar da aka yi kuwa ta tsaya a ranar da aka yi ta.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne abin da bai shiga littafi ba ko kaɗan. Malami ya iya rubuta ɗaki uku, rumbu biyu, mangwaro ɗaya. Ina layin da zai rubuta lakar da kogi ke kawo wa gonar mutum kyauta kowace shekara? Ina layin kusancin ruwa da fangalin albasa? Aka kwashe Gungawa daga tsakiyar kogi aka ɗora su bisa tudu, a ƙasar da ta saba da noman Kambari. Tafkin kuma halinsa ba irin na kogi ba ne. Injinan lantarki su ke sarrafa shi, ya kan cika ya kuma janye wajen ƙafa 30 a shekara, kuma inda gaɓa ba ta da gangara, janyewar nan ta kan yi nisa ƙwarai. Wanda ya dasa albasa kusa da ruwa, kafin ta ƙosa ruwan ya gudu ya bar shi. Noman albasa ya faɗi a shekarun farko. Sai sannu a hankali mutane suka koyi lokutan tafkin, suka riƙa bin ƙasar da ya janye ya bari suna shuka shinkafa da masara da wake, daga baya kuma ƙananan injinan ban ruwa suka yawaita, albasa ta farfaɗo. Wannan dabara manoma ne suka samo ta da kansu, ba ta cikin shirin da aka zana.

Kifi kuwa da farko sai ka ce an buɗe taska. Ciyayi da itatuwan da ruwa ya rufe suka ruɓe suka zama abincinsa, ya yi ta haihuwa. A 1971 an kama wajen ton 28,000 a tafkin. Masunta suka yi ta kwararowa daga Sakkwato da Nufe da Borno har da Nijar da Mali, kasuwar Yelwa ta cika da banda. Kafin 1978 abin ya faɗo ƙasa da ton 5,000. Ta wajen lafiya ma an samu an kuma rasa. Ɗan baƙin ƙudan nan mai kawo makanta a ruwa mai gudu bisa duwatsu ya ke haihuwa, da tafki ya rufe duwatsun sai ya ragu. Amma ruwa mai kwanciya shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, sai fitsarin jini ya yawaita ga yaran bakin tafki.

To, hukumar da ta gina garuruwan nan aikinta lantarki ne, ba riƙon gari ba. Da ta gama ta miƙa. A 1972 ma aka narkar da ita cikin NEPA. Rijiyar da ta rufta, da hanyar da zaizaya ta cinye, da makarantar da iska ta yaye, duk suka faɗo kan En'e da ɗan abin da ke cikin Baitulmalinta. A 1976 aka yi wa mulkin ƙananan hukumomi gyara a Nijeriya duka, En'e ta kau, ƙaramar hukuma ta gaje ta. A 1991 aka yanki Jihar Kebbi daga ta Sakkwato, ƙasar Yauri ta faɗa cikinta. Abin takaici, wayoyin lantarki suka tashi daga Kainji suka nufi Legas da Kaduna, wani layin ma ya bi ta Birnin Kebbi har Yamai, alhali ƙauyuka da yawa da aka tasa domin wutar suka yi shekaru masu yawa suna kunna fitilar kananzir.

Akwai wani aiki da ya kamata shugabannin ƙananan hukumomi su riƙa tunawa da shi. Daga 1993 Nijeriya da Jamus suka haɗa hannu don gyara sha'anin su a tafkin. Maimakon su dogara ga ma'aikatan ofis kaɗai, sai suka jawo sarakunan gargajiya da sarakunan ruwa. Ta hannunsu aka yi wa masunta rajista aka ba su lasin, ta hannunsu aka gayyaci jama'a suka riƙa kwashe baƙuwar kainuwar nan mai toshe hanyar jirgi, kuma a ƙarshen shekarun 1990 aka hana jan dala, watau babbar komar nan mai ƙananan idanu wadda a ke ja don warangi amma ta kan kwashe har 'ya'yan manyan kifaye. Masunci ya fi jin maganar Sarkin Ruwan da ya san ubansa bisa ga takardar da aka manna a bangon sakatariya.

Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwa, da tasha, da maƙabarta, da kwashe shara, da sa wa tituna suna da gidaje lamba, da rubuta haihuwa da mutuwa. Cikin jerin har da ba da lasin na keke da amalanke da kwalekwale. A wata ƙasa kwalekwale ƙaramar magana ce, amma a Ngaski da Shanga da Yauri shi ne motar kasuwa, shi ne kuma mai kai mara lafiya asibiti. Lokacin da za a cika tafkin ba a sare itatuwa duka ba, kututturansu na nan tsaye ƙarƙashin ruwa, in ruwa ya ja baya su kan huda cikin jirgi. Ga kuma lodin da ya wuce kima, da tsofaffin jiragen katako. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ya taso daga Jihar Neja ya nufo Wara, hedkwatar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150, ya tsage a tsakiyar ruwa ya nutse. Kaɗan ne suka tsira, gawar da aka tsamo ta kusa 100.

Manyan jiragen ruwa hukumar tarayya ce mai kula da hanyoyin ruwa ke da alhakinsu. Akwai kuma HYPPADEC mai hedkwata a Minna, wadda aka yi dokarta a 2010 don raya yankunan da madatsun lantarki suka shafa, ko da ya ke sai da aka yi wajen shekara goma kafin ta fara aiki. Ta raba rigunan ceto, ta kuma sa an sassare kututture a waɗansu sassan tafkin. Amma Minna da Abuja nesa su ke da mashigin Wara. Ranar kasuwa, wanda ke tsaye a bakin ruwa yana karɓar kuɗin tikiti ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, tare da Sarkin Ruwa da shugabannin masu jirgi, kuma a gaban idonsu a ke loda buhunan hatsi da babura da mutane kafin jirgi ya tashi.