Bindiga, Ruwa da Kuɗi: Sau Uku Ana Rufe Wa Matanmu Ƙofar Ɗakin Haihuwa

Jama'ar Hausari,

Ko a majalisa ko a rumfar kasuwa, maganar kwanakin nan ɗaya ce: gadajen haihuwa sun yi wa matanmu kaɗan. To, bari mu ɗan waiwayi baya, domin ba yau farau ba.

An kafa Yerwa a 1907, shekarar da Shehu Garbai ya dawo da fadarsa nan. Kakanninmu fatake suka biyo ciniki, suka kafa wannan unguwa. A zamaninsu haihuwa a ɗaka ake yi. Ungozoma ta yanke cibi, a dama kunun kanwa, a shiga wankan jego. Sun yi ƙoƙari iyayen nan, amma in jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama mace, ko ɗa ya zo a gicciye, ai ba su da abin yi. Da aka samu babban asibitin gwamnati, sannan aka buɗe Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a 1983, sai tiyata da ƙarin jini suka zo kusa, mata suka fara sabawa da zuwa awo.

Rufewa ta farko bindiga ce ta jawo ta. Daga 2009 rikicin Boko Haram ya turnuƙe. A 2011 aka hana hawa babur a gari, ga dokar hana fita. A 2013 aka katse layukan waya na tsawon watanni. Ku tuna mai naƙuda da tsakar dare a lokacin: ba abin hawa, ba waya, ga shingen sojoji. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga asibitoci da ɗakunan shan magani 743 a Borno, ta ce kashi 35 cikin ɗari an rusa su ƙurmus, kashi 29 kuma an lalata wani sashensu. Jama'ar ƙananan hukumomi suka kwararo Maiduguri, gari ya kusan ninkawa, amma gadajen ba su ninku ba. Ƙungiyoyin agaji irin su MSF ne suka toshe wani ɓangare na giɓin.

Ta biyu ruwa ne. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, aka yi ambaliyar da ba a ga irinta ba tun 1994. Ruwa ya shiga Asibitin Koyarwa da Asibitin Ƙwararru na jiha, aiki ya tsaya. Manyan asibitoci biyu da gari ya dogara da su suka durƙushe a rana ɗaya, ita kuwa naƙuda ba ta jiran ruwa ya janye.

Ta uku kuɗi ne. A farkon 2025 Amurka ta datse tallafin da take bayarwa ta hannun USAID. Ƙungiyoyi suka sallami ma'aikata, aka kulle wasu wuraren jinya a jihar, waɗanda suka rage kuma cunkoso ya ƙaru musu.

Abin lura, jama'a: dalilan sun bambanta, amma kowane karo mace mai ciki ce ta ɗauki nauyin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Mu da muke tsayawa gaban gawa mun san waɗannan ba lambobi ba ne kawai, iyayen gida ne.

Darasin tarihin shi ne, abin da yake nesa ko yake hannun baƙo yana iya kuɓucewa dare ɗaya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mu nemi kansila da ƙaramar hukuma su tabbatar asibitin da ya fi kusa da mu yana da ungozoma mai horo dare da rana. Kowane layi ya san mai Keke Napep ɗin da za a buga wa ƙofa. Samarinmu su san rukunin jininsu. 'Yan kasuwa, mun iya adashi, mu ware asusun haihuwa. A Nuwamba 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, mu je mu tambayi asibitocin da ake yin ta.

Kai kuma maigida, ka bar ta ta je awo tun cikin yana ƙarami, ka kuma ba da izini tun yanzu cewa in naƙuda ta taso ba ka nan, a wuce da ita asibiti.

Allah Ya sauki matanmu lafiya.