Masu Ƙirga Kifi a Kogin Kolumbiya

Tun daga shekarar 1938 gwamnatin Amurka take biyan waɗansu mutane albashi don su zauna su ƙirga kifi. Ba kifin da aka kama aka zube a kasuwa ba, a'a, kifi mai rai, yana iyo yana wucewa abinsa ɗaya bayan ɗaya. Inda aka fara aikin shi ne madatsar ruwa ta Bonneville a kan kogin Kolumbiya, tsakanin jihar Oregon da jihar Washington, kilomita 230 da ɗoriya daga bakin tekun Pasifik. Cikin kifayen da suke ƙirgawa, wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne sitilhed, domin shi ne lissafinsa ya fi daɗewa yana yaudarar mutane.

Asalinsa kifin tirawut ne mai ratsin ja a gefe, irin wanda ke zama a ƙoramun duwatsu masu sanyi. Uwa ɗaya za ta tone tsakuwa da jelarta ta zuba ƙwai ta binne. Cikin 'ya'yan, wasu su zauna a ƙoramar har mutuwa, ba su yi wani girman kirki ba. Wasu kuwa bayan shekara biyu ko uku sai jikinsu ya koma launin azurfa, su bi ruwan ƙanƙarar da ta narke su gangara teku. Can za su yi shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci uku, suna yawo har wajen Alaska, sannan su juyo da ƙiba da ƙarfi su nemi ainihin ƙoramar da aka ƙyanƙyashe su. Matafiyan nan su ne sitilhed. Ɗan'uwansa salmon na wannan teku da ya zuba ƙwai sai mutuwa, shi kuwa in da sauran kwana yakan koma teku, ya sake dawowa.

Ƙidayar farko da Turawa suka yi a kogin nan ta gwangwani ce. A 1866 aka buɗe masana'antar cusa kifi a gwangwani ta farko a Eagle Cliff, kafin shekara ashirin masana'antun sun cika bakin kogin. Babban salmon suke nema, sai da ya fara ja baya a ƙarshen shekarun 1880 suka waiwayi sitilhed. Abin da aka rubuta a littafi shi ne akwati nawa aka cika. Nawa suka tsere wa raga suka isa ƙoramunsu, babu wanda ya sani, babu ma wanda ya tambaya. Tun kafin haka, don tsoron kamu zai ragu, masu masana'antun suka haɗa kuɗi a 1877 suka gina gidan ƙyanƙyasar kifi a kogin Clackamas, suka ɗauko Livingston Stone, mutumin da ya kafa irinsa a kogin McCloud na Kalifoniya a 1872. Tunanin mai sauƙi ne, kuma yana da daɗin ji: a cikin kogi yawancin ƙwai lalacewa suke yi, a cikin tire kuwa kusan duka sukan ƙyanƙyashe, to me zai sa a takura wa masunta ko a damu da halin da ƙorama take ciki? Wannan tunani ya fi shekara ɗari yana mulkin kogin.

Sai zamanin madatsu ya zo. Bonneville tana da matakalar kifi, wato dogon magudanar siminti mai hawa-hawa da ruwa ke zubowa ta ciki, kifi ya riƙa haurawa daga wannan kwarmi zuwa wancan har ya tsallake. Tunda dole kowane kifi ya bi ta wannan ƙofa, karo na farko ke nan aka sami damar sanin adadinsu. Masu ƙidayar farko a saman ruwa suke zama, suna leƙen wani allo da aka shafa wa farin fenti a ƙarƙashin ruwa, duk inuwar da ta gitta a kansa su danna. Amma ba kowace madatsa aka yi wa matakala ba. Grand Coulee, da aka kammala a farkon shekarun 1940, ta toshe saman kogin gaba ɗaya har cikin Kanada. Ranar 10 ga Maris, 1957, aka rufe ƙofofin madatsar The Dalles, cikin 'yan sa'o'i ruwa ya shanye magangarar Celilo, inda ƙabilun ƙasar suka yi dubban shekaru suna su da ciniki. A kan kogin Snake, babban reshen Kolumbiya, madatsu uku na kwazazzabon Hells Canyon suka rufe sama tsakanin 1958 da 1967, wasu huɗu kuma suka jeru a ƙasa: Ice Harbor, Lower Monumental, Little Goose, da Lower Granite wadda aka gama a 1975. Sitilhed ɗin da zai koma jihar Idaho sai ya haura madatsu takwas, bayan ya riga ya gangaro ta cikinsu yana ƙarami.

Duk inda aka toshe kogi, diyyar da ake biya ita ce gidan ƙyanƙyasa. Dokar Mitchell ta 1938 ta buɗe wannan hanya. A 1976 majalisar dokokin Amurka ta amince da shirin diyyar madatsun ƙasan Snake, aka rubuta adadin da ake bin gwamnati bashi: manyan sitilhed 55,100 su dawo kowace shekara. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Dworshak, katangar siminti mai tsawon mita 219 a kan reshen arewa na kogin Clearwater. Wannan reshe ya shahara da manyan sitilhed masu yin shekara biyu a teku. Babu matakalar da za ta hau irin wannan tsawo, don haka aka tare iyayen a gindin madatsar, aka tatse ƙwansu, aka gina musu gida a Ahsahka. Har yau gidan yana sakin ƙanana kimanin miliyan biyu duk shekara. Irin yana nan, ƙoramunsa kuwa suna bayan katanga.

Wajen 1960 aka ƙware a haɗa abincin kifi na ƙwaya-ƙwaya, aka kuma fara shawo kan cututtukan tanki. Girman da kifin kogi ke ɗaukar shekara biyu ko uku kafin ya kai, sai ga na tanki ya kai shi a shekara guda. Nan ne lissafi ya fara ruɗi. Mai ƙidaya yana ganin sitilhed yana dannawa, jimla tana kyau, masu fatsa suna murna, hukuma tana buga rahoto. Amma allon ba ya faɗin wanda aka haifa a tsakuwa da wanda aka haifa a tire. Haihuwar kogi tana raguwa, haihuwar tanki tana cike gurbin, adadi bai nuna komai ba.

Na taɓa kiwon tarwaɗa a bayan gida, don haka ba na cikin masu raina kifin tanki. Ya ciyar da mutane, ya biya kuɗin makaranta. Amma duk wanda ya yi kiwon ya san halinsa: da ya ga inuwar mutum a bakin tanki sai ya taso sama baki buɗe, alhali ɗan'uwansa na kogi da ya ga inuwa sai ya nutse. A kogin da ke cike da tsuntsaye masu cin kifi, ɗaya daga cikin halayen nan biyu hukuncin kisa ne.

Masana sun fara auna abin a 1977. Reisenbichler da McIntyre suka haɗa iyaye iri-iri na kogin Deschutes, suka zuba 'ya'yan a ƙoramu da kuma tafkin kiwo. 'Ya'yan kifin kogi suka fi rayuwa a ƙorama, 'ya'yan kifin tanki suka fi rayuwa a tafki. Wato ba tarbiyya kaɗai ba ce, abin ya shiga jini. Bayan shekara talatin, a 2007, Araki da Cooper da Blouin suka buga binciken da suka yi a kogin Hood, inda wata 'yar madatsa ta ba su damar yankar ɗan samfur daga kusan kowane kifin da ya wuce, suka gano wane ne ya haifi wane. Sakamakon ya girgiza masu harkar: duk zuri'a ɗaya da ta ƙara zama a tanki, nasararta ta barin 'ya'ya a kogi tana raguwa da kusan kashi 40 cikin ɗari.

Abin da ya gyara ƙidayar kuwa ba wata babbar na'ura ba ce, almakashi ne. A bayan sitilhed, dab da jela, akwai wani ɗan fiffike mai taushi marar ƙashi, wanda in an yanke shi ba ya sake tsirowa. Daga tsakiyar shekarun 1980 aka fara yanke shi a jikin ƙananan kifin tanki kafin a sake su. Ma'aikata sukan tsaya a jere a cikin tirela, hannu cikin ruwan sanyi, a sa wa kifin maganin da zai kwantar da shi, a ɗauka, a ƙyasta, a jefa cikin bututu. Yanzu injin ne ke yin mafi yawa. Daga nan doka ta sami abin kamawa: mai fatsa ya ci wanda aka yanke wa fiffike, ya mayar da mai cikakken fiffike ruwa. Mai ƙidaya ma ya sami madanni biyu a maimakon ɗaya.

Na ga aikin da idona a Bonneville lokacin da wani kwas ya kai ni Portland. Yanzu ba a leƙe daga sama. Ɗaki ne ɗan ƙarami mai duhu a gefen matakalar, da tagar gilashi mai kauri da fitila a bayanta, an matse hanyar ruwan yadda kowane kifi sai ya goga ta gaban tagar. Matar da ke aiki ranar ba ta ɗauke ido daga gilashin ba ko sau ɗaya, yatsunta na kan madannai, kowane irin kifi da nasa. Ruwan kore ne, ga wasu dogayen kifaye masu bakin tsotso sun manne a gilashin suna lilo. Sitilhed ya zo, ya tsaya, ya ja da baya kamar ya fasa, sannan ya harba ya wuce. Ni ban ma gama tantance kai da jela ba, ita ta riga ta ga ko da fiffike ko babu. Daga Afrilu zuwa Oktoba sa'a 16 ake yi kullum, minti 50 a kowace sa'a, ragowar goman a cike da lissafi. Da dare da lokacin sanyi kyamara ke ɗauka.

Da aka raba lissafin gida biyu, abin da ya fito ba daɗi. A Lower Granite, a yawancin shekaru, uku cikin huɗu na sitilhed ɗin da ke wucewa haihuwar tanki ne, wani lokaci fiye. A watan Agusta na 1997 aka sa sitilhed na kogin Snake cikin jerin halittun da dokar Amurka ke karewa daga ƙarewa, tare da na saman Kolumbiya. Ko fiffiken ma ba shaida ce cikakkiya ba, don wasu gidajen sukan saki kifi ba yanka, da niyyar su je su hayayyafa a ƙorama. Shi ya sa a Lower Granite ake da tarko da ke karkatar da wani kaso na masu wucewa, a auna tsawo, a ciri ɓawo don karanta shekaru a zobbansa, a yanki samfur a gwada da na iyayen da aka tatsa a gidajen ƙyanƙyasa.

Tun shekarun 1980 kuma aka ƙirƙiro wata 'yar alama ta gilashi mai tsawon milimita 12, ba batir, da ake cusawa da allura a cikin ƙaramin kifi. Kowace da lambarta. Duk sanda kifin ya gitta ta na'urar da aka dasa a madatsa ko a gindin ƙorama, lambar ta shiga rumbun bayanan da kowa ke iya dubawa a intanet. Da ita aka iya amsa tambayar da allo da taga ba su taɓa amsawa ba: cikin ɗari da suka gangara, nawa suka dawo? Ma'aunin da hukumar tsara wutar lantarki da kifi ta yankin ta sa shi ne biyu zuwa shida cikin ɗari. Sitilhed na Snake sau da yawa ba ya kai biyun. Na kogin John Day, wanda madatsu uku kawai ke gabansa kuma babu gidan ƙyanƙyasa a kansa, yakan fi shi nesa ba kusa ba. Masu kare madatsu suna cewa laifin teku ne, kuma ba ƙarya suka yi ba: zafin da ya mamaye arewacin Pasifik daga 2014 zuwa 2016 ya yi ɓarna. A 2001 sitilhed fiye da 600,000 suka wuce Bonneville. A 2021 ba su kai 100,000 ba, har Oregon ta hana kamun su a Deschutes da John Day. Sai dai teku ɗaya kifin John Day da na Snake suke shiga, kuma a nan hujjar take yi mini rauni.

Ba zan ce a rufe gidajen ƙyanƙyasa gobe ba. Ƙabilar Nez Perce, wadda yarjejeniyar 1855 ta tabbatar mata da haƙƙin su a wuraren da ta saba, ba ita ta gina madatsun ba, kuma in ba kifin tanki, a shekaru da yawa ragarta wayam za ta fito. A 2022 ita ta karɓi ragamar kiwon kifi a Dworshak. Ita ce kuma take tsince iyayen da suka gama zuba ƙwai suka rame, ta yi jinyarsu watanni a tanki, ta mayar da su kogi su sake haihuwa. Amma ita ɗin ce dai a gaba wajen neman a fasa madatsu huɗun ƙasan Snake. A 2021 ɗan majalisa Mike Simpson na Idaho ya kawo tsarin yin hakan a kan dala biliyan 33 da ɗoriya, da biyan manoman alkama masu dogaro da jiragen ruwa da masu shan wutar madatsun. Tsarin bai je ko'ina ba. A Disambar 2023 gwamnatin Biden ta ƙulla yarjejeniya da ƙabilu huɗu da jihohin Oregon da Washington, aka dakatar da shari'ar da ake yi kan madatsun. A Yunin 2025 gwamnatin Trump ta janye daga cikinta, magana ta sake komawa gaban alƙali a Portland.