Satar Bayanan Shaida

Satar bayanan shaida wani nau'in ha'inci ne wanda mazambaci yake mallakar sunan mutum da lambobinsa na sirri, sa'an nan ya yi sojan gona da su domin ya kwashe dukiyarsa, ko ya ci bashi ya bar shi da alhakin biya. A Nijeriya, tun da aka ɗaure asusun banki da lambar BVN, wadda Babban Banki ya ƙaddamar a 2014, aka kuma haɗa layin waya da lambar NIN, maha'inta sukan bugo waya da sunan ma'aikatan banki suna neman lambar sirrin kati, alhali kuwa banki ba ya tambayar kowa lambar sirrin katinsa. Saboda haka wajibi ne mutum ya tsare ta, ko da daga makusantansa.

Wanda wannan musiba ta auka masa, ko wayarsa ta ɓace, ya gaggauta sa a rufe asusunsa da layinsa, ya adana duk wani saƙo da ya shafi lamarin a matsayin hujja, kana ya kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, domin Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan wannan laifi.