Zaɓin giya a motocin karkara

Zaɓin giya a motocin karkara shi ne bambancewa tsakanin giyar hannu da giyar otomatik yayin sayen motar da za ta bi hanyar da ba kwalta, irin ta yashi, laka ko duwatsu. A kudancin jihar Jigawa, a garuruwa kamar Kiyako da ke ƙaramar hukumar Birnin Kudu da ƙauyukan Gwaram, motocin da ake nufi su ne a-kori-kura irin Toyota Hilux da kuma jif irin Land Cruiser. Kalmar giya a nan aro ce daga Ingilishi, ba ta da alaƙa da giyar sha sai kamanni a rubutu.

Tarihi

Motocin farko galibi masu giyar hannu ne. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara ƙera giyar otomatik da yawa, mai suna Hydra-Matic, ya sa ta a motocin Oldsmobile ƙirar 1940. A Najeriya giyar hannu ta daɗe tana rinjaye, musamman bayan da aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, inda a-kori-kura ƙirar 404 da 504 suka zama motocin kasuwannin ƙauye. Otomatik ta yawaita ne da shigowar motocin gwanjo, waɗanda ake kira 'yan Kwatano.

Yadda suke aiki

A giyar hannu direba ne ke taka kuloci, ya raba inji da taya na ɗan lokaci, ya sauya giya. Otomatik ba ta da kulocin takawa. Inji yana juya wata na'ura mai cike da man giya, man ne kuma ke ɗaukar ƙarfin zuwa taya, motar ta sauya giya da kanta.

A cikin yashi da laka

A nan ne otomatik ta fi nuna amfaninta. Duk lokacin da direba ya taka kuloci a tsakiyar yashi, ƙarfin da ke zuwa taya yakan yanke, mota ta rage gudu nan take, wani lokaci ta kafe kafin giyar ta shiga. Shi ya sa tsofaffin direbobi kan zaɓi giya tun kafin su faɗa rafi, ba sa taɓa ta sai sun haye. Wanda bai ƙware ba yakan riƙe kuloci rabi da rabi yana ba da wuta, har farantin ya ƙone. Otomatik tana sauya giya ba tare da ƙarfin ya yanke ba, sai dai man giyarta na ɗaukar zafi idan aka daɗe ana fama da yashi ko an lafta mata buhunan hatsi, zafin kuma shi ne babban abin da ke kashe ta. Ruwa ma haka: idan ya shiga man otomatik lokacin haye rafi da damina, yana lalata farantan da ke ciki.

A gangara mai duwatsu giyar hannu ta fi riƙe mota, domin inji na taimaka wa birki. Motocin da ke jan taya huɗu da yawa suna da ƙaramar giya ta musamman wadda, a Hilux da Land Cruiser, ke ninka ƙarfin ja kusan sau biyu da rabi. Samun wannan giyar ya fi muhimmanci ga mai shiga fadama fiye da ko motar otomatik ce ko ta hannu.

Gyara

Abin da ya fi sa masu motocin haya riƙe giyar hannu shi ne gyara. Idan batir ya yi sanyi, ana iya tura mai giyar hannu ta tashi. Otomatik ba ta tashi da turi. Janta da igiya zuwa nesa tayoyinta na ƙasa ma yana cutar da ita, saboda famfon mai ba ya aiki idan inji a kashe yake. Sauya farantin kuloci aiki ne da kusan kowane bakanike ya iya, amma otomatik ta zamani takan buƙaci kwamfutar bincike da man giya irin nata daidai, kayan kuma galibi sai an nemo su daga Kano, a kasuwanni irin Ƙofar Ruwa. Motar da ta tsaya mako guda a lokacin kaka, ana tsakiyar kai amfanin gona kasuwar Sara, asara ce babba ga mai ita.

Tsofaffin motocin otomatik masu giya uku ko huɗu sun fi shan mai, abin da masu saye suka ƙara lura da shi bayan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023. A sababbi masu giya shida zuwa sama bambancin ya ragu sosai.

Babur mai ƙafa huɗu

A Amurka da Turai akan yi wannan muhawarar ne kan babur mai ƙafa huɗu na gona da daji. Honda ta fitar da mai ƙafa uku a 1970, Suzuki kuma ta kawo mai ƙafa huɗu a 1982. Otomatik ɗin yawancinsu na aiki ne da bel na roba, wanda kan zame idan ya jiƙe. Ba a cika ganinsu a karkarar Jigawa ba, inda babur mai ƙafa biyu irin Bajaj Boxer, mai kuloci a hannu da giya a ƙafa, ke yin wannan aikin.