Harshe da Mulki: Makomar Ingilishi a Mahangar Tarihin Kakuri

Ibnu Khaldun ya bayyana a cikin Muƙaddima cewa harshen birane yakan bi harshen masu mulkinsu, kuma wanda aka rinjaya yana kwaikwayon wanda ya rinjaye shi. Tarihi ya sha gaskata wannan ƙa'ida. Farisanci ya yi ƙarnuka yana harshen fada a Indiya, har Turawan Ingila suka cire shi daga kotuna a 1837. Larabcin Andalus kuwa ya dusashe bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492.

A ƙasar Hausa, da Larabci ake rubuta wasiƙun sarauta da hukuncin alƙalai a Daular Usmaniyya. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, suka mayar da hedikwatar Arewa Kaduna a 1917, sai Ingilishi ya gaji ofis. Amma Larabci bai bar masallaci da zaure ba, domin Alƙur'ani ne ke riƙe da shi.

Kudancin Kogin Kaduna ya nuna wata fuskar al'amarin. An buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, ma'aikata suka yi ta kwararowa Kakuri da Makera daga kudancin lardin Zariya da Binuwai da Filato da kudancin Nijeriya. Da Ingilishi ake rubuta takardar ɗaukar aiki da ta albashi. A bakin injin da kasuwa da gidan haya kuwa, Hausa da Turancin buroka ne suka haɗa Bajju da Tibi da Bahaushe. Masaƙar ta tsaya a 2002, harsunan da ma'aikata suka yi ciniki da maƙwabtaka da su suna nan.

Ke nan harshe yana tsayuwa ne a kan mulki, ko kasuwa, ko addini, kuma na mulki ya fi saurin tsinkewa. Mali ta sauke Faransanci daga matsayin harshen hukuma a 2023, Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025. Ingilishi ya daɗe da wuce mulkin Ingila, yanzu tattalin arzikin Amurka da kimiyya da intanet ne ke ɗauke da shi, don haka ba a tsammanin faɗuwarsa nan kusa. Sai dai waɗannan ma hannu suke sauyawa.

Abin da ya kamaci ɗalibin ilimi shi ne ya ƙware a Ingilishi gwargwadon buƙatar zamaninsa, ya ƙarfafa Larabcinsa, ya kuma rubuta ilimi da Hausa, kamar yadda Nana Asma'u ta yi. Allah ne Mafi sani.