Kufan Murahun Tama na Sukur da Alaƙarsu da Ƙasar Barno

Wannan maƙala za ta waiwayi kufan murahun tama da ke bisa tsaunin Sukur, cikin ƙaramar hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, kudu da Maiduguri. A shekarar 1999 ne hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, wanda shi ne na farko a Nijeriya. Galibi an fi ambaton fadar Hidi, wato sarkin Sukur, da hanyoyin da aka daɓe da duwatsu, alhali kuwa murahun nan su ne tushen arzikin da ya gina su.

Ginin murhun Sukur ya sha bamban da na Turai. A Coalbrookdale ta Ingila, inda Abraham Darby ya fara aiki da gasasshen kwal a 1709, ƙarfe yakan narke ya kwararo kamar ruwa. A Sukur kuwa ba ya narkewa, dunƙulewa yake yi a gindin murhu. Mai zuga yakan zauna ne a sama, iskar zuga-zugi ta gangara ta cikin doguwar bututun yumɓu zuwa tsakiyar gawayi. Tamar ma ba haƙo ta ake yi ba. Baƙin yashi ne da mata kan tace daga rafuka bayan ruwan sama. Binciken Nicholas David da Judith Sterner ya nuna cewa har manoma kan toya tama, ba maƙera kaɗai ba, sannan fatake su kwashi ƙarfen zuwa filayen Barno. Ke nan fartanyar manomin Barno ta daɗe tana dogaro da mutanen da ake yi wa kallon arnan dutse.

Wajen 1960 wutar murahun ta mutu, domin tsofaffin ƙarafan mota sun fi araha, kuma da irinsu maƙeri yake ƙira yau. A 2014 'yan Boko Haram suka kai hari Sukur, suka ƙona gidaje har da sassan fadar.

Abin da ya shafi masana harshe a nan shi ne, doka tana kare dutse da yumɓu, amma sunayen sassan murhu da matakan aikin suna cikin harshen Sakun ne, ɗan'uwan Hausa a iyalin harsunan Cadi. Yaron da ya taya mahaifinsa zuga a 1960 ya haura shekara saba'in yanzu.