Kumburi da motsewar abubuwa masu ƙananan ramuka

Kumburi da motsewar abubuwa masu ƙananan ramuka shi ne sauyin girma da ake gani a jikin katako, gawayi, kwal, yumɓu da siminti idan tururi ko iska ta shiga ramukansu ta manne a bangonsu. A gawayi sauyin kan yi ƙasa da kashi 1 cikin 100, amma a katako da yumɓu yana fitowa fili har ido ya gani.

Tarihi

A shekarar 1927 F. T. Meehan ya auna yadda gawayi ke ƙara tsawo idan ya sha iskar kabon dayoksaid. A 1928 D. H. Bangham da N. Fakhoury suka faɗaɗa binciken zuwa wasu nau'o'in tururi, kuma har yau ana kiran irin wannan kumburi da sunan Bangham.

Yadda yake faruwa

Ƙarfi biyu ne ke ja-in-ja a cikin ramukan. Bangon rami busasshe a ɗaure yake, kamar fatar da aka ja a bakin ganga. Idan ƙwayoyin tururi suka manne masa sai ɗaurin ya sassauta, abin ya kumbura. Idan kuwa tururin ya taru ya zama ruwa a ramin, lanƙwasasshen saman ruwan yakan janyo bangon zuwa ciki, abin ya motse. A ramukan da faɗinsu bai kai nanomita 2 ba, abu kan fara motsewa kafin ya kumbura.

Muhimmanci

Katako na kumbura har danshinsa ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa a bushe. Daga nan ƙarin ruwa ba ya ƙara masa girma. Sauyin ya fi yawa a faɗi, a tsawo kuwa kaɗan ne. Shi ya sa ƙofa ke cijewa da damina, ta saki da hunturu, kuma kafintoci ke busar da katako kafin aiki.

Kwal na kumbura da kabon dayoksaid fiye da iskar mitan. Wannan kan tsuke tsagogin da iska ke bi, ya kawo cikas ga shirin adana kabon dayoksaid a ƙarƙashin ƙasa. Siminti kuma yana motsewa idan ya bushe, abin da ke jawo tsagewar bango da daɓe.